Rana a Bayan Baba

Zuwa ga ƙanina, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwar yara da yaran baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka juriya a wurin aiki, Ya tsare ka daga sharrin injinan nan da kake wuni a tsakaninsu, Ya kuma sauki uwar yara lafiya idan lokacinta ya yi. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda kusan kullum muna gaisawa a waya. To, ai ka san kunnen Baba. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, amma kunnen nan ko allura na yar a bakin keken ɗinki sai ya ce in duba ƙarƙashin kujera. Duk maganar da muka yi da kai a waya mu uku muke yin ta, ko da yana ɗaki ni ina wurin wanke-wanke. Takarda kuwa ba ta da murya, shi ya sa na nemo biro na zauna yanzu da ya samu barcin hantsi.

Mu muna nan inda ka bar mu, sai dai gidan ya ƙara faɗi. Tun da 'yata ta bi mijinta can inda aka mayar da shi, saura ni da Baba da keken ɗinki, kuma a cikinmu keken ne ya fi surutu. Gwaggo tana leƙowa idan gwiwarta ta ƙyale ta, ta zauna ta lissafa mana waɗanda suka rasu da waɗanda take ganin sun kusa, ta sha shayi, ta ce a yi haƙuri da duniya, ta tafi. Masu hayar ɗakin baya sun tashi, ba a sami wasu ba tukuna, har hayaniyar yaransu da nake mita a kai yanzu nema nake. An gyara yoyon nan na kan matakala. Shagon ɗaukar hoton Baba na da, wanda ka sani an mayar wurin aski, shi ma mai askin ya tashi, wani ya zuba rigunan waya da caja. Ranar da na bi ta wurin na ga ƙusoshin da Baba yake rataya labulen bango suna nan daram, wayoyin caja ne a jikinsu. Ban gaya masa ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya zaunar da ni, wato maganar hotunan nan da muka yi ta sa-in-sa a kansu. Kai ka kafa dokar cewa kowane ƙarshen mako in ɗauki Baba in tura maka, kuma ban taɓa fashi ba sai wannan makon da ya wuce. Amma ka san yadda hotunan suka koma tun watannin baya: farin haske ya lulluɓe rabin hoton, fuskar Baba dishi-dishi, ga wani zoben haske a kan kafaɗarsa, ga ɗan ɗigo kore yana yawo, yau a ƙirji, gobe a gefen hula. Ka ce ba na goge gilashin. Ka ce hannuna rawa yake yi. Har ka ce abin kunya ne a ce 'yar mai hoto guda ba ta iya riƙe waya ba. Ni kuma ka san bakina, na ce idan ka fi ni iyawa ka zo ka ɗauka da kanka, muka kwana biyu ba ma amsa wa juna sai da e da a'a. Daga baya ka aiko da sabuwar wayar nan mai ido uku, ka ce tsohuwar ce ta gaji. Na ɗauka da ita, hoto ya fito kamar an kwafe na baya. Gwaggo kuwa ta shiga guruf ɗin gida na waya ta yanke hukunci, ta ce wannan hasken masu ibada ne, ba kowane bawa ake ba wa ba. Ɗigon koren ne dai bai kwanta mata ba, ta ce a ƙara addu'a. Da na karanta wa Baba, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

Abin da yake ba ni haushi da ni da kai shi ne, a cikin sana'ar nan muka buɗi ido. Sau nawa Baba ya zaunar da mu a shago yana nuna mana cewa idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne, gilasai ne a jere, wani bayan wani? Yakan ce idan rana ta shiga kai tsaye, sai haskenta ya yi ta bugun wannan gilashi yana komawa wancan, kamar tsuntsun da ya faɗo ɗaki ya rasa ƙofa, kuma duk inda ya buga sai ya bar tabo a hoton. Dokarsa ɗaya ce, har waƙa muka mayar da ita: rana a bayan mai ɗauka, ba a bayan wanda ake ɗauka ba. Na ga ranar da ya tayar da ɗalibai aji guda da malamansu, bayan sun gama jeruwa, ya zagaya da su ɗaya gefen fili saboda rana ta leƙo masa. Idan kuma babu yadda za a yi, ni yake miƙa wa kwali in yi wa kyamarar inuwa, hannuna ya yi ta sagewa ba halin saukewa. Kai kuma ƙeyarka ta san abin da ake samu idan aka taɓa gilashin nan da yatsa. Duk mun san wannan. Amma da muka ga Baba zaune taga na bayansa, babu wanda ya kawo komai a ransa, don wa zai ce Baba bai san inda zai zauna a ɗauke shi hoto ba? Ni na ɗauka tsufa ne, yana son ɗumin rana a gadon bayansa. Kai kuma ka ɗora min laifin.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A hankali na fara lura da cewa ba ya yarda a ɗauke shi da safe, ko da ya yi wanka ya shirya. Sai ya ce tukuna. Sai rana ta karkata ta sauko kan rufin garejin makanikan nan da ke tsallaken titi, ta miƙo ta tagar falo, sannan zai ce in yaye labule duka. Ya zauna, ya riƙa tura kujerar da dunduniya kaɗan-kaɗan yana kallon inuwarsa a ƙasa, sai ta kai ƙafar kekena sannan ya ce to. Kuma kullum sai ya karɓi wayar, wai zai duba ko na saita ta daidai. Rannan na miƙa masa na juya zan kawar da yadin wata mata daga kan tebur, sai idona ya faɗa madubin da masu ɗinki suke gwada kaya. A ciki na gan shi ya buɗe gwangwanin man da nake shafa masa a ƙafa, ya dangwala da babban yatsa, ya ɗan taɓa idon wayar, sau ɗaya, a hankali, da irin nutsuwar da yake aiki da ita a da. Nan take na tuna wani ɗan gilashi da yake ajiyewa a aljihun tebur a shago, wanda yake shafa wa mai ya kara a gaban kyamara idan tsofaffin mata sun zo, hoto ya fito fuska sumul babu tamoji ko ɗaya, su tafi suna cewa hannun Baba akwai albarka. Ashe sana'arsa yake yi a kaina, ni kuma ina riƙe masa waya.

Na karɓa na ɗauka yadda aka saba. Sannan na goge idon wayar da bakin mayafina, na matsa gefe ɗaya, na ɗora tafin hannuna a saman wayar na yi mata inuwa. Hasken nan ya janye kamar an ɗage labule, sai ga Baba. Auta, ni nake dafa masa, ni nake kama shi ya tashi, ni nake wanke kayansa, amma wallahi ban gan shi ba sai ranar. Ido idan yana kallon abu kullum sabawa yake yi, yau kaɗan gobe kaɗan har ya daina gaya wa mai shi gaskiya. Waya kuwa ba ta san shi ba, ba ta jin nauyinsa, abin da ke gabanta ta nuna min. Ban kai ga dannawa ba ya ce in sauke hannuna, ba da faɗa ba, da muryar da yake cewa a rufe shago an tashi.

Da na zauna na tambaye shi, ko musu bai yi ba. Kai har wani alfahari na gani a fuskarsa. Ya ce wayar da ka aiko ta ba shi wahala, don tana da kaifin kai, ita da kanta take ƙoƙarin gyara haske ta fito da fuskar mutum, shi ya sa dole ya haɗa mata da mai. Ya ce tsohuwar ta fi ladabi. Na ce masa Baba, ai idan rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Ya ce shi bai ce zai kare ta ba, zama kawai ya yi a gabanta. Daga nan ya bar wasa. Ya ce ya san ɗansa, idan ka ga fuskar nan ko takalmi ba za ka tsaya nema ba. Ya ce bayan duk wahalar da ka sha ba a daɗe da tabbatar maka da aikin nan ba, kuma irin wuraren nan ba sa ajiye wa mutum gurbinsa idan ya juya baya. Ya ce ga matarka da tsohon ciki, ga yara a makaranta, ba zai zama shi ne sanadin da za a ce gidanka ya girgiza ba. Ya ce shi ya ci zamaninsa, ya ɗauki hoton rabin garin nan suna jarirai ya kuma ɗauke su da furfura, me ya rage masa da za a tayar da hankalin yaro a kai? Sannan ya kama hannuna, ya sa na yi masa alkawari cewa babu hotonsa na gaskiya da zai fita daga wayar nan zuwa gare ka. Na yi masa, don ban iya ce masa a'a yana riƙe da hannuna ba. Na yi kwanaki ina juya abin a raina, daga ƙarshe na ga alkawarin hoto na yi, ban yi na biro ba.

Saboda haka ga abin da hasken yake rufewa, ka karanta a zaune. Kumatun nan da kake tsokanarsa da su sun tafi, ƙasusuwan fuska ne a waje. Gefen goshinsa ya rame ya yi rami, har hularsa tana saukowa kan kunnuwa sai da na yi mata ɗinki ta ciki. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Agogonsa idan ya ɗaga hannu sai ya zame har kusa da gwiwar hannu, ya daina ɗaurawa, ya ce wai nauyi yake masa. Rigunan da kake gani a hoto suna zaune masa ɗas, aikina ne. Shi ya ce in rage wuyan, daga baya ya ce in sake ragewa, sannan ya ce in sa ɗan soso a kafaɗa, wai haka ake yayi yanzu, ni kuma na biye masa ina dariya ban san ina taya shi ɓuya ba. Abinci cokali kaɗan ne ya ture, wani lokaci ma ba ya zama. Muryar nan da kake ji gangariya kana cewa Baba na nan da ƙarfinsa, shiri ake yi mata. Idan lokacin kiranka ya kusa sai ya ce in ba shi ruwan ɗumi, ya gyara murya, ya miƙe zaune, ya tanadi labarin da zai ba ka dariya. Idan kiran bidiyo ne, ka tuna da kyau, a kujerar nan ta bakin taga kake samunsa, kuma shi yake fara cewa a bar ka ka huta. Kana kashewa yake sulalewa, sai na kama shi zuwa gado, ranar ba ya ƙara magana mai tsawo.

Maganar asibiti kuma da muka ce maka gyambon ciki ne ana ba shi magani, ba haka ba ne. Da farko haka suka zata, daga baya aka yi hoton ciki aka ga abin a hanta yake, kuma ya riga ya yaɗu. Likitan ya kira ni waje ni kaɗai, muna tsaye a baranda masu jinya suna ta wucewa da kwanuka, ya ce aiki ba zai yiwu ba a shekarunsa da yadda jikin ya yi, abin da za su iya shi ne su rage masa zafi, a kai shi gida a kula da shi. Na tambaye shi lokaci. Ya ce wannan sanin Allah ne, amma idan akwai wanda ya kamata ya zo ya gan shi, to kada a ce sai an ga yadda hali ya yi. Na wanke fuskata a famfo kafin in koma ciki. Baba bai tambaye ni abin da aka ce ba, har yau. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon fuskokin mutane ta cikin gilashi ba ya buƙatar tambaya, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Kallona kawai ya yi ya ce in ɗauko masa sandarsa mu tafi gida. Na ɓoye maka a lokacin saboda ya ce shi zai gaya maka da bakinsa, na yi ta jira, ashe ba shi da niyya.

Zan gaya maka gaskiya, Auta, na gaji da kaɗaici. Ba aikin ne ya dame ni ba, Baba ne, ko a kaina aka ce in ɗauke shi zan ɗauka. Abin da yake cina shi ne ni kaɗai nake ganin fuskar nan. Duk ƙarshen mako in tura hoto, guruf ya cika da masha Allah, Baba sai ƙara haske yake yi, Allah Ya ƙara lafiya, ni kuma ina zaune a gabansa ina karanta masa yana gyaɗa kai. Gwaggo idonta bai fi nasa ba, kuma idan za ta zo shi ma shiri yake yi mata. Masu kawo ɗinki su shigo da hayaniyarsu, a yi awo, a yi dariya, su fita, gidan ya sake yin tsit. Da rana tsaka ina cikin taka keke sai in tsaya cak in kasa kunne, sai na ji numfashinsa daga ɗaki sannan in ci gaba, har wata ta tambaye ni ko keken ne ya lalace. Tun rasuwar maigidana na ɗauka na san zaman shiru, ashe wannan daban ne, don wancan an gama ne ana haƙuri, wannan kuwa kallonsa nake yana tahowa. Wani lokaci har haushinka nake ji, in ga ka turo hoton yara kuna dariya, in ce shi ko a jikinsa, alhali na san ba ka da laifi, abin da aka nuna maka ka gani. Ba wani abu nake nema mai yawa ba. So nake idan zan ɗaga shi a ce akwai mai kama ɗaya kafaɗar, idan kuma na fito daga ɗakinsa in sami wanda zan kalla ya gane ba sai na yi bayani ba. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ni kuwa da rabi nake yawo.

Abin da ya sa na ce yau sai na rubuta shi ne abin da ya faru ƙarshen makon da ya wuce, ranar da ba ka sami hoto ba. Tun safe gari ya lumshe da hadari, ba ruwa ba rana. Baba ya yi wanka, ya sa rigar nan ruwan toka mai soso, aka kai shi kujerarsa, na yaye labule. Ya zauna yana jira. Can sai ya waiga ya dubi taga, ya juyo, can ya sake waigawa, kamar mai jiran baƙon da ya yi alkawari. Na ce ya koma ya kwanta a bari sai gobe, ya ce a'a, yaron nan yana can yana duba waya. Makanikai suka fara haɗa kayansu, rana ba ta leƙo ba. Can ya yi 'yar dariya ya ce yau abokiyar aikinsa ta ƙi zuwa. Na ɗauka tashi zai yi. Sai ya ce in zo in juya kujerar, fuskarsa ta kalli taga.

Na juya ta. Ya karɓi wayar, ya huci idonta, ya goge da gefen rigarsa har sai da ya gamsu, ya ɗaga ta ya duba ta gefe, sannan ya miƙo min. Ya ce in ja baya kaɗan. Ya ce in rage tsawo, wayar ta zo daidai idonsa, kada in ɗauke shi daga sama kamar mai leƙen rijiya. Ya ce in manne gwiwar hannuna a jiki, in riƙe numfashi. Ya gyara hularsa, ya ɗan karkata kafaɗa, ya ɗaga haɓa. Yana yi yana gaya min cewa babu hasken da ya kai na ranar hadari kyau a wurin mai hoto, don yana sauka a fuska ko'ina daidai, ba ya ƙara wa mutum ba ya rage masa. Na danna. Ya karɓa ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya buɗa hoton da yatsu ya duba idanu, ya duba wuya, ya duba hannuwan da ke kan sanda. Ni ina tsaye ina jiran ya ce in goge. Sai ya ce tun da nake ɗaukar hoto ban taɓa yin mai kyan wannan ba, hannuna ya faɗa. Ya ce in adana shi da kyau, kada in bari ya ɓace a cikin hotunan ɗinki, don shi za mu wanke mu sa a firam a rataya kusa da na marigayiya Inna. Sannan ya ce in gaya maka sabis ne ya ƙi. Haka kuwa na gaya maka, kai kuma ka ce ba komai, sai wani makon. Na shiga ɗakin girki na buɗe famfo don kada ya ji ni, ko da yake na san ya ji.

To, ka ji. Hoton yana nan a wayar da ka aiko, ba zan tura maka ba, na yi alkawari. Abin da nake roƙonka shi ne ka zo ka gan shi kafin ka ga hoton nan. Ba zan yi maka ƙarya in ce aikinka ba zai taɓu ba, ban san halin mutanen wurinku ba, wataƙila Baba yana da gaskiya a kansu. Ka je wurin ogan naka ka gaya masa yadda abin yake, in ya so ka nuna masa takardar nan. Ka zauna da uwar yara ku yi shawara, mace ce mai hankali, na san abin da za ta ce maka. Idan sun ba ka hutu, alhamdu lillahi. Idan sun hana, kai ne za ka auna, amma ka sani aiki ana rasa shi a sami wani. Kada ka kira shi ka tayar da maganar a waya, zai gyara murya ya rantse maka lafiyarsa ƙalau, ya ba ka dariya, ka ajiye waya kana cewa Yaya ce da zuzuta abu. Kada kuma ka ce za ka jira a sauki uwar yara tukuna, ban ga alamar za a jira ka ba. Idan ya gane ni na rubuto, ya yi fushi da ni, zan ɗauka, fushinsa ma ina so in daɗe ina gani. Abu ɗaya kawai: ranar da ka iso, kada ka faɗa ɗakinsa kai tsaye. Ka buga min waya daga bakin titi in tare ka a matakala, ka yi kukanka a can ka wanke fuska, sannan mu shiga tare ka tsokane shi yadda ka saba.

Ka gaishe min da uwar yara da kyau, ka ce mata ina yi mata addu'a kullum, kuma kayan jaririn da na ɗinka suna nan a ninke, sai ka zo ka tafi da su. Ka shafa min kan Takwaran Baba, ka ce ya rage ƙiriniya, da Hajiya Ƙarama mai wushirya, da Sarkin Kuka in har yanzu bai sauka daga sarautar ba. Ka gaida surukarka da maƙwabcinka mai gyaran agogo da ya riƙe ka lokacin da kake baƙo. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran maganin gwiwar da ka yi mata alkawari. 'Yata ma ta ce in na yi magana da Kawu in miƙa gaisuwarta, ita ma yau zan rubuta mata. Ga shi na ji motsinsa ya farka, bari in ninke takardar in sa a ƙarƙashin yadi. Ɗazu kafin ya kwanta ya ce idan mun yi magana in gaishe ka, in ce maka yana nan lafiya ƙalau, kada ka damu da shi. Na isar da saƙonsa.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka tarar da mu.

Taka har kullum,
Yayarka.